Numfashin Baba Shebur

"Baba, ɗan ƙara yin tarin nan, bai shiga ba."

Mai ɗaukar hoto ne ya faɗa, ido ɗaya a matse jikin kyamara. Baba Shebur yana zaune a bakin gado, an tokare masa baya da filo, siririn tiyon na'urar numfashi ya zagayo ta bayan kunnuwansa ya shige hanci. Ya dubi mai hoton, ya dubi mijin 'yarsa da ke tsaye da koriyar hula, sannan ya juya ga maƙwabciyarsa, wadda aka sa ta riƙe labule don haske ya shigo.

"Kin ji, Tela? Yau tarina ya yi kasuwa."

Inna Tela ta yi tsaki ta saki labulen. Ɗakin ya yi duhu.

"Haba Inna, aiki fa muke yi," in ji mijin 'yar.

"Wanda yake son haske ya zo ya riƙe da kansa. Ni ruwan zafi na kawo wa mara lafiya."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Inna Tela da na Baba Shebur, kuma sun tsufa tare a jikinta. Ta san shi tun yana da ƙirji kamar ƙofa, lokacin da yake fita da sassafe zuwa tashar wutar lantarki da ke ƙarshen layi, ya yini yana ɗura wa tanda kwal da shebur, ya dawo babu abin da ke fari a jikinsa sai idanu. A can sunan ya bi shi. Da matarsa ta rasu, ita ta rinƙa ɗinka wa 'ya'yansa biyu kayan makaranta, ta kitse wa ƙaramar kai. Yanzu ƙirjin nan ya koma kamar kwandon da aka bari a rana. Likita ya ce ƙurar kwal ta cinye huhun, ba gyara, sai dai a jona shi da na'ura ta rinƙa tura masa iska. Na'urar kuwa ba ta san komai ba sai wuta.

Mijin 'yar, wanda ya fi son a kira shi Kodineta tun da jam'iyyar Ganye ta ba shi unguwar, ya riƙe labulen da kansa. Ɗan takararsu na shugaban ƙasa ya yi alkawarin rufe tashar kwal, ƙasa ta koma cin hasken rana da iska, don haka suna neman fuskar da za su nuna wa duniya. Kodineta bai sha wahalar nema ba, a ɗakin surukinsa ya same ta.

Tarin ya zo da kansa daga baya, irin mai naɗe mutum biyu. Auta, 'yar Baban, ta ruga ta tallafe shi tana shafa masa baya. Mai hoto ya matso har yana taka mata zani.

"Yawwa! Wannan ya yi."

Daga nan suka fita tsakar gida, samari suka hau tsani suka kafa wani allon sola a kan kwanon ɗakin, baƙi wuluk, yana ta ƙyalli, da tambarin ganye manne a gefe. Aka yi tafi. Kodineta ya yi jawabi ga mutum shida da kyamara ɗaya, ya ce daga yau rana ce za ta shayar da wannan dattijo iska. Da suka sauke tsani Inna Tela ta ga waya tana reto a jikin taga, ba ta shiga ko'ina ba.

"Wannan wutsiyar fa?"

"Batir ne bai iso ba, Inna. Yana hanya."

"Da ƙafa yake tahowa?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya shige mota.

Washegari sai ga babban ɗan Baba, shugaban mazaɓa na jam'iyyar Guduma mai mulki, wanda ko uban da ya haife shi sai da ya koyi ce masa Ciyaman. Su nasu ɗan takarar ya rantse tashar kwal ba za ta mutu ba, har ma zai ƙara mata ƙanne. Ciyaman ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya ga allon, fuskarsa ta haɗe.

"Wa ya ɗora wannan ƙazantar a kan gidan ubana?"

"Mijina ne, Yaya," in ji Auta.

"Mijinki. Mutumin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba, shi zai koya mana wuta?"

Ya shiga ɗaki da jar hula sabuwa a leda da wata lambar ƙarfe mai igiya, an rubuta Gwarzon Ma'aikaci a jiki. Ya rataya wa uban a wuya, igiyar ta harɗe da tiyon hanci, sai da Inna Tela ta warware. Ya ɗaga wayarsa.

"Baba, magana kaɗan za ka yi. Ka ce tashar nan ita ta ciyar da mu, ta yi mana makaranta, duk mai son rufe ta maƙiyin talaka ne."

"Ai ta ciyar da ku," in ji Baba a hankali. "Ni kuma ta..."

"Ya isa haka, Baba. Farkon nan ya wadatar."

Ana cikin haka Kodineta ya shigo. Ba su gaisa ba. Ɗaya ya ce masu hayaƙi sun kashe tsoho, ɗaya ya ce masu ganye so suke a mayar da mutane zamanin aci-balbal. Ɗaya ya kawo zancen ɗumamar duniya, ɗaya ya ce duniyar ta ɗumama mana, ai ba shi ya kunna ta ba. Suka tsaya a kan tsohon, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, suna nuna wa juna yatsa ta saman cikinsa. Duk abin da suke faɗa Inna Tela ta riga ta ji shi a rediyo da safe, kalma da kalma, har da inda ake ɗaga murya.

Baba ya ɗaga hannu. "Ku fita waje. Kuna shanye mini 'yar iskar."

Bayan sun tafi ta jawo kujera ta zauna kusa da shi da ɗinkin hannu. Aiki ya yi mata yawa a kwanakin nan: jajayen tutoci a buhu ɗaya, koraye a ɗaya, duka yadi iri ɗaya daga shago ɗaya, mai zuba idan ya ga ruwa. Ba ta ɓoye wa kowa ba, su ma ba su damu ba, muddin ta gama kafin ranar taro.

"To Maƙwabci, wa za ka zaɓa?"

Ya yi murmushi, ya jira numfashi ya taru. "Wanda zai zauna in gama magana." Ya huta. "Na so aikin nan, Tela. In na buɗe bakin tanda na ga wutar nan, na san wani asibiti yana da haske saboda hannuna. Ƙyallen rufe hanci kawai muka roƙa. Masu guduma suna sama a lokacin, suka ce babu. Da na fara tari, waɗannan masu ganyen suna ina? Ba su san hanyar layin nan ba sai bana."

"Bana ma don hotonka."

"Ya yi kyau kuwa?"

"Kamar an tono ka."

Ya yi dariya har ta koma tari, ta miƙa masa ruwa tana yi masa faɗa.

Abin da ke riƙe da ran Baba a gaskiya ba ya kan rufi, yana lungun tsakar gida ƙarƙashin guntun kwano: wani ƙaramin janareta da tsofaffin abokan aikinsa suka haɗu suka kawo masa ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Da an ɗauke wuta Auta za ta ruga ta ja igiya, kafin tsohon ya gama laluben iska na'ura ta dawo da gurnaninta. Amma tun da zaɓe ya matso wuta ta zauna daram, dare da rana, kamar an ɗaure ta. Har firjin da ya manta aikinsa ya fara yin ƙanƙara. Masu guduma suna zagaya unguwa da lasifika suna tambaya, "Kun ga an ɗauke?"

Ranar babban taron Guduma, da hantsi, Inna Tela tana kan keken ɗinkinta ta ji ana jan ƙarfe a tsakar gidan maƙwabta. Ta leƙa ta katanga. Samari biyu masu jajayen riguna sun ɗaga janaretan, Auta ta riƙe hannunsa ɗaya.

"Yaya, don girman Allah ka bar shi."

"Ke, sakar masa. Na mai lasifika ne ya ƙi tashi, kuma wakilin ɗan takara da kansa zai zo. So kike in ji kunya a mazaɓata?"

"In aka ɗauke fa?"

"A yau? Ranar taronmu? Wa ya isa?" Ya nuna rufi da haɓa. "In ta ƙi, ga solar mijinki nan, ki jona."

"Kai Ciyaman," Inna Tela ta ce daga kan katanga, "wannan ba na kiɗa ba ne, hancin ubanka ne."

"Inna, kafin la'asar na dawo da shi. Ni fa na san abin da ake ciki a sama." Ya leƙa ɗaki. "Baba, in ɗauka?"

Ta ji muryar tsohon can ƙasa. "Ɗauka mana. Kar a yi maka dariya."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan daga baya: sai da yaron nan ya sa uban ya ba da izini da bakinsa.

Rana ta take tsaka lokacin da fankar ɗakinta ta fara rage gudu. Ta ɗaga kai tana kallonta har ta tsaya. Layin ya yi tsit, irin shirun da kunne ya manta da shi. Sai ta ji Auta.

"Inna! Inna!"

Ta samu Baba ya dafe gefen gado, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, bakinsa a buɗe. Auta tana danna maɓallin na'urar, tana kashewa tana kunnawa, kamar laifin maɓallin ne. Ta kira yayanta, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta kira mijinta, ya ɗauka cikin hayaniya, su ma sun fita nasu zagayen don kar a ce Guduma ce kaɗai ke da jama'a.

"An ɗauke? Yanzu? Kin gani ko! Ɗauki bidiyo, ina zuwa."

Auta ta bi wayar da kallo kamar ta ga kunama a tafinta.

"Buɗe tagogi, ki yi masa fifita, kar ki bar shi ya kwanta," in ji Inna Tela, ta zari mayafi ta fita.

Shagon mai aski a rufe, ya tafi taro. Mai chajin waya ya ce nasa injin ba mai, gidan mai kuma tun jiya motocin kamfe kaɗai ake ba. A bakin titi babu motar haya ko ɗaya, an gindaya ganguna an rufe hanya saboda ayarin wakili. Ta tsaya tana haki. Daga filin makaranta kiɗa yana tashi har ƙasa na rawa. Ta san da wutar wa yake tashi.

Inna Tela, mace mai jikoki, mai ciwon gwiwa, ta kutsa cikin taron nan da gwiwar hannu. Tutocin da ta ɗinka suna kaɗa mata a fuska. A kan dandamali wani mai ƙaton ciki yana ihu, "Wuta ba za ta sake ɗaukewa a ƙasar nan ba!" jama'a suna amsawa, alhali duk fitilun ajujuwan da ke bayansa a mace suke. Ta bi wayar lasifika da ido, ta zagaya bayan dandamali, ta ga janaretan yana karkarwa a kan bulo. Ta san inda Auta take murɗawa. Ta murɗa.

Muryar mai ƙaton ciki ta mutu a tsakiyar kalma.

Kafin ta miƙe an riƙe ta. "'Yar Ganye ce! An turo ta!" Wani ya fizge mayafinta. Sai ga Ciyaman ya sauko yana gumi, jar hularsa a karkace.

"Inna? Me kika yi mini haka?"

"An ɗauke wuta. Ubanka yana can yana kokawa da iska."

Ta ga maganar ta shige shi. Ta ga fuskarsa ta sauya, ta koma ta yaron da take auna wa wando. Sannan ya waiga ya dubi dandamali, inda wakili yake bubbuga makirufo yana harare-harare.

"Inna... ya kusa gamawa. Saura kaɗan ya ambaci sunana. Yana gamawa ni da kaina zan..."

Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. Marin ya yi ƙara fiye da yadda ta zata, domin babu kiɗan da zai rufe shi. Samarin suka sake ta.

"Ɗauko injin," ta ce.

A baron mai sayar da ruwa suka ɗora shi. Ciyaman ne ya tura da kansa, yana gudu, babbar rigarsa tana shiga ƙarƙashin taya, ita tana biye tana ɗingishi. Da suka shigo layin ba ta ji kukan kowa ba, sai ta sa rai. Ya sauke injin a tsakar gida, ya ja igiya, ya ja, ya ja, injin ya tashi.

Auta tana zaune a kan gado, kan uban a kafaɗarta, murfin kwali a hannunta, har yanzu tana yi masa fifita. Na'ura ta kama gurnani, iska ta fara fita ta tiyon. Ba wanda ya ja ta.

"Kashe," in ji Auta, ba ta ɗaga kai ba. "Kar ka ƙona wa 'yan taronku mai."

Inna Tela ta zare tiyon daga kunnuwansa, ta shafa idanunsa ta rufe. Inda tiyon ya daɗe yana kwanciya ya bar layi a kumatunsa. "Allah ya jiƙanka, Maƙwabci," ta ce. "Ka huta da su."

Daga baya ta tambayi Auta ko ya ce wani abu. Auta ta ce ya yi ta kallon ƙofa. Sau ɗaya ya tattara ƙarfi ya tambaya ko an kira sunan yayanta a taron.

"Me kika ce?"

"Na ce an kira, har an yi tafi."

Ba a kai ga share ɗakin ba labari ya fita a rediyo, iri biyu. Tashar da ke bin Ganye ta ce hayaƙin gwamnati ya kashe wani dattijo. Wadda ke bin Guduma ta ce 'yan adawa ne suka yi wa layin wuta zagon ƙasa, har aka rasa wani gwarzon ma'aikaci, mahaifin jigo a jam'iyya. Ba wadda ta ambaci janareta, ba wadda ta ambaci batir. Kafin kwana biyu hoton tarin nan ya cika bangon layin, an zagaye shi da baƙin zare, Baba a naɗe, hannun Auta a bayansa an yanke shi daga wuyan hannu.

Masu gaisuwa suka zo ayari-ayari. Jajayen huluna suka zauna dama da ƙofa, koraye suka zauna hagu, kowane ɓangare da mai hotonsa, ana leƙen wa ya fi kawo buhunan shinkafa. Inna Tela tana daga ciki tare da mata, tana jin su ta taga. Wani mai jar hula ya tambayi na kusa da shi, a cikin raɗa, wai marigayin ma'aikacin jirgin ƙasa ne ko? Kodineta ya shigo tsakar gida ya durƙusa kusa da matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Manyanmu suna so ki ce wani abu. Gajere. Ki faɗi yadda ya sha wahala, ki ce da an saurare mu..."

Ciyaman, wanda tun ranar bai iya haɗa ido da kowa ba, ya ji, sai ga shi ya samu baki. "A gidan ubana? Ai in magana za a yi, ni ne babba."

"Babban da ya ɗauke inji?"

"Kai da ka kafa allon banza fa?"

Auta ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da jar hular nan da ba a taɓa sawa ba, da lambar ƙarfe, ta ajiye a gaban yayanta. Ta dubi mijinta ta nuna rufi.

"Hau ka sauke."

"Yanzu? Mutane fa suna..."

"Yanzu. Kuma in ka sauke ka wuce da shi gidanku, ka jira batirin a can. Ni ina nan."

Ya duba ko wani zai sa baki. Inna Tela ce kawai ta motsa, ta jawo masa tsani ta jingina. Haka ya hau, da koriyar hularsa, a gaban manyansa da na abokan gaba, yana kwance ƙusa da hannun da bai saba ba. Wannan karon ba wanda ya ɗauki hoto.

Ranar zaɓe layin ya wofinta tun safe, kowa ya tafi filin makaranta bin layi. Inna Tela ta ce gwiwarta ba za ta iya tsayuwa ba, Auta ma ba ta je ba. Suka kama katifar tsohon, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, suka fito da ita tsakar gida suka shimfiɗa a rana. Tsakiyarta ta lotsa daidai tsawonsa, da wani ɗan rami inda ƙugunsa yake zama. Suka zauna a inuwar katanga. Can sai wata kyanwa ta diro daga kan rufi, ta zagaya katifar tana sansana, ta shiga ramin nan ta naɗe jikinta ta lumshe ido. Auta ta ɗaga hannu za ta kore ta, sai ta mayar da shi kan cinyarta.